Bidiyon Ritayar Baba

Ranar da aka zauna a falon surukaina don shirya walimar ritayar Baba, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Yaya, babbar 'yarsu, ta ce abinci nata ne. Ƙanin maigidana ya ɗauki hayar zauren taro da kujeru. Ni aka ɗora min kiran dangi a waya, wai na fi kowa haƙurin doguwar gaisuwa. Maigidana ya bari sai da kowa ya gama, sannan ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce shi zai haɗa bidiyo.

"Bidiyon me kuma?" in ji Mama.

"Tarihin Baba, Mama. Tun yana mai duba tikiti a tashar jirgin ƙasa har ya zama shugaban tashar. Hotuna, da sauti, da rubutu yana tafiya a ƙasa. A haska a bango da majigi, kowa ya gani."

Baba yana kujerarsa ta kusa da taga yana ninke jarida. Mutum ne marar yawan magana, aikin tasha ya koya masa cewa ɗaga hannu ma ya isa. Ya dubi ɗan nasa ya ce, "Kada dai ya yi tsawo."

Ya kamata in faɗi ko wane ne maigidana. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya yawo, albashinsa a gida yake ƙarewa, in aka cire abin da manhajoji ke zara duk wata. A kamfanin inshorar da yake aiki Tsari suke kiransa, kuma har yau bai gane tsokana ba ce. Yana da manhajar da ke tuna masa shan ruwa, da wadda ke gaya masa da safe ko ya yi barci mai daɗi, da wadda ke tara masa ayyukan da zai yi, da wata kuma da aikinta shi ne tuna masa ya duba waccan. Akwai ranar da na dawo daga ɗakin gwaje-gwaje na asibitinmu a gajiye, muna zaune sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ajiye, ya juyo da fara'a ya ce, "Maman yara, ya aiki yau?" Na ce ya gaya wa wayar lafiya lau, kuma ina gaishe ta.

Yana da amini tun suna 'yan makaranta, malamin lissafi ne a sakandare, ana ce masa Kyauta. Ya samo sunan ne daga rantsuwar da ya yi cewa ba zai taɓa biyan kuɗin manhaja ba, sai dai wadda masu sa-kai suka rubuta suka sakar wa duniya. Kwamfutarsa tsohuwa ce mai nauyi, ya liƙe idon kyamararta da filasta. In ya kunna ta baƙin allo ne ke fitowa da ƙananan rubutu kore, shi kuma ya duƙufa yana bugawa kamar mai lallashin mahaukacin doki. Duk ƙarshen mako sai ya zo gidanmu, su zauna a falo su yi musun da suka yi makon jiya.

"Da can in ka sayi abu naka ne," Kyauta zai ce. "Yanzu ka sayi kwamfuta da guminka, amma ɗan haya ne kai a cikinta. Mai gidan ya shigo lokacin da ya ga dama, ya sauya maka wurin ƙofa, ya leƙa ƙarƙashin gadonka, da safe kuma ya aiko ka sa hannu cewa ka gode."

"Kai gidan naka ne, na yarda," maigidana zai ce, "sai dai babu ƙofar. Ka zauna kana sassaƙa ta da kanka, kana tambayar baƙi a intanet inda ake buga ƙusa, su kuma suna zaginka don ba ka karanta bayani ba."

"Na gwammace zagi da leƙen asiri."

"Wa zai leƙi asirinka? Me kake da shi, makin jarrabawar 'yan aji uku?"

Ni dai in ajiye musu shayi in wuce.

Mama ta ba shi wani ƙaramin akwatin ƙarfe cike da tsofaffin hotuna, ta ja masa kunne kada ko ɗaya ya ɓata. Ya kawo shi gida ya ɗora a kan firji. Ya ce aiki irin wannan ba a afka masa haka kawai, sai an tsara. Ya sauke manhajar tsara aiki, ya raba haɗa bidiyon gida-gida, kowane gida da launinsa. Da ya gama sai ya ga launukan ba su yi masa ba, ya koma wata manhajar, ya kwashe komai ya mayar can. Daga nan ya shiga kallon samari a intanet suna bayanin wace manhajar haɗa bidiyo ce ta fi. Kowannensu ya wangale baki a hoton farko kamar ya hango gobara, kowannensu kuma yana rantsuwa cewa wadda ya yaba makon jiya ta mutu an binne ta.

"Baban yara," na ce masa wata rana, "akwatin nan fa ko buɗe shi ba ka yi ba."

"Buɗe akwati shi ne mataki na gaba," ya ce, ya juyo min da allon. "Kin gan shi nan, a launin rawaya."

Sai da walima ta matso har Yaya ta fara sayen kayan miya, sannan ya sauko da akwatin. Ranar Asabar da hantsi muka baje hotunan a teburin cin abinci, ina danne kusurwa da yatsa yana ɗauka da waya. Ga Baba yana saurayi, siriri, hular aiki ta yi masa yawa har ta zauna a kan kunnuwansa. Ga shi da Mama a ƙofar gidajen ma'aikata, tana rungume da Yaya tana jaririya, su biyun sun ƙame kamar an ce musu in sun motsa za a ci su tara. Ga shi tsaye a dandamali cikin ruwan sama, tuta a hannu. Duk farare da baƙaƙe ne, wasu gefensu ya cinye. Maigidana ya daɗe yana kallon na ruwan saman, na ga dai ya ɗauke shi sau da yawa fiye da sauran.

A ranar ne ya ci karo da sabuwar manhajar. Wani daga cikin samarin nan masu wangale baki ne ya tallata ta. Wai tana da mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, kai dai ka zuba masa hotuna, ka rubuta masa abin da kake so a jimla ɗaya ko biyu, ka tafi harkarka. Shi zai zaɓi sauti, ya gyara hotuna, ya sa murya, ya haɗa komai. Maigidana ya ce dama abin da yake jira ke nan, duk wancan shirin bai tafi a banza ba tunda shi ya kawo shi nan.

Ina guga ya karanto min abin da ya rubuta wa mataimakin: "Bankwana da mahaifinmu abin ƙauna, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana hidima, yanzu kuma ya tafi hutu. Iyalinsa da abokan aikinsa ba za su manta da shi ba." A ƙasa ya sa shekarar da Baba ya fara aiki da wadda ya ajiye. Na ce ya yi daɗi, don kuwa ya yi daɗin.

Manhajar ta ce masu amfani da ita sun yi yawa, akwai layi, amma in ya koma sahun manya za a sa shi gaba. Ya koma sahun manya. Can ma akwai layi, na manya. Bidiyon bai fito ba sai safiyar walima, muna cikin mota, bayanmu cike da kwalayen ruwa. Da fitilar hanya ta tsayar da mu ya buɗe a waya ba sauti, ya ga hoton tasha yana shigowa a hankali, ya rufe ya ce, "Ya yi."

"Ba za ka kalla har ƙarshe ba?"

"Maman yara, abin nan ya haddace littattafan duniya kaf. Hotunan Baba ne za su gagare shi?"

Zauren ya cika. Tsofaffin ma'aikatan tasha sun zauna a gefe guda, kowa ya goge takalmi. Dangi a ɗaya gefen. A layin gaba ga Baba da Mama, ga Manajan da hukuma ta turo, ga kuma Gwaggo, yayar Baba, wadda kunnenta ya yi nauyi, hawayenta kuma a bakin ƙofa suke kwana. Ƙanin maigidana ne riƙe da makirufo. Aka yi addu'a, Manaja ya yi jawabi, aka fara raba abinci, sai aka sanar cewa yanzu za a kalli tarihin Baba. Aka ja labule, aka kashe fitilu.

Maigidana ya jona kwamfutarsa da majigi, ya danna maɓalli. Bango ya yi shuɗi. Rubutu ya fito manya-manya, kowa na gani: "Muna inganta kwamfutarka. Kada ka kashe ta." A ƙasa wasu ɗigo-ɗigo suna zagaye.

Tsofaffin suka gyara zama, sun ɗauka an fara. Suka yi shiru cikin ladabi suna kallon ɗigon nan suna bin junansu. Da aka jima wani a cikinsu ya raɗa wa na kusa da shi, raɗar da kowa ya ji, "Fim ɗin dai a hankali yake tafiya."

Kyauta ya taso daga kujerarsa, jakarsa a kafaɗa, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir. "Mai gidan ya shigo," ya ce wa maigidana. "Matsa ka ga yadda 'yantattu ke yi."

Ya ciro tasa ya jona. Majigin bai san da zuwanta ba. Ya buɗe baƙin allo ya shiga bugawa, yana cije leɓe, yana cewa abu ne mai sauƙi. Ƙanin maigidana ya rasa abin cewa, ya roƙi Manaja ko zai ƙara 'yan kalmomi. Manaja ya tashi ya maimaita jawabinsa daga farko, har da wurin da aka tafa masa, aka sake tafawa. Can sai bango ya yi haske, allon Kyauta ya fito, amma a kwance, samansa yana kallon ƙofa. Zauren gaba ɗaya ya karkata kai gefe guda. Da ya nemi bidiyon sai manhajar ta ce ba ta aiki a irin kwamfutarsa.

"Ka gani?" ya ce da ƙarfi, yana nuna bango. "Da gangan suke yi. Wannan shi ne abin da nake faɗa kullum, sun gina katanga sun..."

"Kyauta, don Allah," na ce masa.

"Madam, gaskiya ce ai."

Allah ya taimake mu kwamfutar maigidana ta farka. Sai dai ta farka da tambayoyi. Ko yana so ya ga sababbin abubuwan da aka tanadar masa? Ko zai yarda da sababbin sharuɗɗa? Ko zai ba ta izinin sanin inda yake? Gumi na ɗiga daga haɓarsa yana danna eh, eh, eh, da ta ce ya ba ta motarmu ma da ya bayar. Sai ta nemi kalmar sirri. Kalmar sirrin tana cikin wata manhajar ajiye kalmomin sirri, ita ma ta nemi tata. Ya samo ta a waya, ya shigar. Ya danna.

Bango ya yi baƙi. Wata sarewa ta taso a hankali, irin wadda ke shiga har ƙashi. Hoton tasha ya shigo ya fita, kyandir ya bayyana yana ci. Sai ga hoton Baba, wanda yake cikin ruwan sama, an zagaye shi da baƙin ƙyalle. A sama an rubuta, "Cikin alhini da kewa." A ƙasa ga shekaru biyun nan, da ɗan layi a tsakaninsu.

Muryar wata mata mai taushi ta fito daga lasifika. "A yau muna bankwana da uba, miji, ma'aikaci. Ya yi hidima, ya gaji, ya tafi hutun da babu dawowa."

Gwaggo ba ta ji muryar ba, amma idonta ras yake. Ta ga ƙyallen, ta ga kyandir, ta ɗora hannu a ka ta saki salati, ta fashe da kuka tana kiran ƙaninta, alhali kujera biyu ce tsakaninta da shi. Matan da ke bayanta suka kama, don kuka in ya tashi a zaure ba ya tambayar dalili.

Daidai lokacin ƙofar baya ta buɗe. Direba ne, tsohon direban jirgi, abokin Baba na ƙut da ƙut, wanda bai taɓa zuwa taro a kan lokaci ba. Ya shigo cikin duhu, ya ɗaga kai ya ga bango, ledar kyautar da ke hannunsa ta faɗi.

"Yaushe?" ya ce da ƙarfi. "Yaushe? Jiya-jiya fa muka yi waya! Ya ce in zo da wuri!"

Maigidana yana neman inda zai tsayar da abin, linzamin kwamfutar ya ɓace masa a allo. Ya danna wani wuri, sai sautin ya ƙaru. Kyauta ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana lalube zai zare wayar wuta. Sai Baba ya ɗaga hannu. Bai juyo ba, bai yi magana da ƙarfi ba.

"Ku bar shi."

Hannun da ya yi shekaru yana tsayar da jirgi ne. Kyauta ya fito daga ƙarƙashin tebur, maigidana ya janye yatsunsa.

Haka muka kalla har ƙarshe. Mataimakin bai yi ƙyuya ba, a nan kam ba za a zarge shi ba. Ya goge wa Baba duk wata tamoji a fuska, ya haska masa haƙora, ya sa tsofaffin hotunan suna motsi, Baba yana ƙifta ido yana murmushin da bai taɓa yi a hoto ba. Da aka zo kan na ƙofar gidajen ma'aikata, sai aka matso da fuskar Mama, aka rubuta a ƙasa, "Allah ya ba ta haƙurin rashi." A ƙarshe aka nuna Baba ya juya baya, ya hau jirgi, ya ɗago hannu ta taga. Jirgin ya ja, ya bar layin dogo, ya tashi sama yana shiga gajimare. Sai tambarin kamfanin ya fito da fara'a, da taurari a jere, ana tambaya ko mun ji daɗin wannan bidiyo.

Aka kunna fitila. Babu mai motsi, sai shesshekar Gwaggo. Direba yana tsaye a tsakiyar hanya, ya hango ƙeyar Baba, bakinsa a sake.

Baba ya tashi a hankali, ya karɓi makirufo daga hannun ƙaramin ɗansa. Ya juyo ya bi zauren da kallo layi-layi, kamar yana duba tikiti.

"To," ya ce. "Na gode. Ba kowa Allah ke nuna wa wannan yana zaune ba. Na ga waɗanda suka yi kuka, Allah ya saka musu da alheri. Na ga kuma waɗanda ba su ajiye cokali ba."

Manaja ya ajiye cokalinsa.

Wani tsoho ne ya fara ƙyalƙyalewa, sai zauren ya ɗauka. Dariya har da masu riƙe ciki, har da masu share hawayen da suka soma na kuka suka ƙare na dariya. Direba ya zo ya rungume Baba yana dukan bayansa yana cewa, "Ka cuce ni, wallahi ka cuce ni." Aka sa baki a kunnen Gwaggo aka yi mata bayani, ta shafa fuskar Baba da hannu biyu ta tabbatar, sannan ta nemi a nuna mata wanda ya yi wannan aiki.

Mama ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Da hankali ya koma kan abinci sai ta tashi ta fita ta ƙofar gefe. Na bi ta, maigidana ya biyo ni. Muka same ta a bayan zaure inda aka jera tukwane, tana gyara murfin da ba ya buƙatar gyara.

"Mama, ki yi haƙuri," ya ce. "Manhajar ce ta..."

"Ban san manhaja ba, kai na ba wa akwati." Ba ta dube shi ba. "Duk shekarun nan, in ya fita aiki ana ruwa, ko aka ce jirgi ya sauka daga layi, abin da nake kora daga raina ke nan. Sai yau da na ce na huta, ɗana ya haska min shi a bango, har da sarewa."

Maigidana ya durƙusa a wurin, gwiwarsa a kan siminti, da sabon wandonsa. Bai ƙara ambaton manhaja ba. Ta bar shi a haka ya ɗan jima, sannan ta ce ya tashi kada mutane su gani, ya je ya kai wa Gwaggo ruwa, tunda nemansa take.

Mun ɗauka abin ya ƙare a zaure. Ashe wani daga cikin baƙin ya ɗauki bangon da waya, ya tura dandalin tsofaffin ma'aikata ba tare da ya rubuta komai ba. Washegari wayar gidan surukaina ta fara ƙara. Baba ya hana kowa ɗauka. Ya jawo kujera kusa da ita, in an yi sallama da muryar ta'aziyya sai ya amsa, ya ce, "Mamacin ne da kansa, ina jin ka." Wasu suka kashe waya. Wasu suka zo har gida, suka tarar da shi yana ba shukokinsa ruwa. Wani tsohon mai gyaran siginar layin dogo, da suka yi shekaru ba sa ga-maciji da Baba saboda wata rigimar aiki da babu wanda ya tuna kanta, ya shigo idonsa jajir. Da ya ga Baba tsaye da bokiti sai ya juya zai koma. Baba ya ce tunda ya zo ai sai ya zauna. Sun kai la'asar suna hira.

Maigidana ya rubuta wa kamfanin ƙorafi mai zafi. Ya karanto min, ya ce zai girgiza su. Ya bayyana musu cewa mahaifinsa yana nan da ransa, ritaya ya yi, manhajarsu ta kunyata shi a gaban jama'a, ta sa mahaifiyarsa kuka. Kafin ya tashi daga kujera amsa ta zo, daga mataimakin. Ya ce ya yi matuƙar baƙin cikin jin labarin mahaifin namu, ya san wannan lokaci ne mai wuya, kuma kamfanin yana da rangwame na musamman ga iyalan da ke cikin makoki.

Ya sake rubutawa da manyan baƙaƙe cewa mutumin bai mutu ba. Mataimakin ya ce haka ne, waɗanda muke ƙauna ba sa mutuwa a zukatanmu.

Da Kyauta ya zo ƙarshen mako, maigidana ya nuna masa. Na yi zaton zai yi ta ƙyalƙyala, sai na ga ya karanta ya yi tsaki, ya ce da a kwamfutarsa ne wannan ba zai taɓa faruwa ba. Maigidana ya ce ƙwarai kuwa, a kwamfutarsa babu abin da ke taɓa faruwa. Ya goge manhajar a gaban Kyauta, ya ce shi da ƙirƙirarriyar basira har abada. Bayan kwana biyu na ji shi a ɗaki yana sauraron wani saurayi na bayanin wata sabuwa, wadda wai ita tana fahimtar abin da mutum ke nufi.

Mama ta kafa doka, kada a sake kunna bidiyon nan a gidanta, kada ma a ambace shi. Kowa ya bi. Amma wata rana da na biya kai mata maganin hawan jini bayan na tashi aiki, na tarar ta tafi unguwa. Baba yana kujerarsa ta kusa da taga, ya kara waya kusa da fuska, sarewar nan tana tashi ƙasa-ƙasa. Da ya gan ni bai ɓoye ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya ce in matso.

"'Yata, ke kina da ido. Duba nan."

Ya mayar da bidiyon wajen ƙarshe da yatsa, na ga hannun ya saba. Ya tsayar daidai inda jirgin ke barin ƙasa.

"Sun yi ƙoƙari, ban ce ba su yi ba. Muryar yarinyar ma da daɗi. Amma dubi taragon nan. Kan jirgin ne kawai mai taga, sauran duk rufaffu ne." Ya girgiza kai. "Duk rayuwata ina sallamar fasinja, ranar tafiyata su sa ni a jirgin kaya."

Na ce gaskiya ba su kyauta ba.

"Ki gaya wa mijinki ya gyara," ya ce, ya kashe wayar ya tura ta ƙarƙashin jarida, don mun ji motsin Mama a ƙofa. "Ba gaggawa nake ba."